DAGA BAKIN GARKA: Aikin Hunturu, Miyar Damina

 Hunturu dai ya kankama a arewa tun daga Wa har Bawku, kuma ko mutanen Kumasi da Ankara sun shaida, domin hazo ya sauka musu har bakin teku. Wannan ƙura da ke shigar mana ido da hanci ba 'yar kusa ba ce. Da yawa daga cikinta tana tasowa ne daga wani kwari da ke arewacin Cadi, ana ce da shi Bodele, inda a zamanin da wani babban tafki ya kwanta, daga baya ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta ta kawo mana. An ce tana ɗan ƙara wa ƙasar noma ƙarfi, amma ni dai ban taɓa ganin wanda ya cika rumbu da takin hazo ba.

A ƙauye yanzu gari ba ya wayewa da wuri. Ruwan buta kamar daga firji aka ɗauko shi, tsofaffi sun dunƙule cikin bargo, yara sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi, ƙafa duk faso, leɓe a tsage. Mai koko da ƙosai ita ce sarauniyar safiya, man kaɗanya kuwa ya fi turare daraja. An gama girbi, gero da dawa da masara sun shiga rumbu, an saki awaki da tumaki suna kiwon kansu cikin karan gona. Wanda ɗakinsa ya yi yoyo bara yana yankan ciyawa yana yanta, mai niyyar ƙarin ɗaki yana buga tubali tun ruwan kududdufi bai ƙafe ba. Samari da yawa sun yi kudu cin rani, wasu gonakin koko, wasu ramin zinariya, 'yan mata kuma sun tafi dako kasuwannin Kumasi da Ankara. Sunan ma da ake kiransu da shi can, watau kayayo, rabinsa namu ne, kaya ke nan, sauran rabin na mutanen Ga.

Kafin mu shiga garka bari in yi gargaɗin da na saba yi kowace shekara. Kada a shiga da kurfot ɗin gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Wanda zazzaɓi mai zafi ya kama, ga ciwon kai, ga wuya ya sandare, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. Sanƙarau da wannan lokaci yake zuwa har cikin bazara, kuma dattawa ba su manta da na 1996 zuwa 1997 ba, wanda ya kashe mutum fiye da 1,000 a arewacin ƙasar nan. Haka nan annobar kaji, wadda ke share akurki cikin mako guda, yanzu ne lokacinta. Akwai rigakafin da ake ɗiga wa kaza a ido, a tambayi malaman dabbobi. Mai son taki mai ƙarfi a garkarsa ya kamata ya damu da ran kajinsa.

Sa'an nan wuta. Yara su ga ɓera ko gafiya, su cinna wa daji wuta, kadada nawa ta ƙone saboda naman da bai cika tafin hannu ba. Kaɗanya tana fure ne a tsakanin watannin nan, in wuta ta lashe furen to matan da ke jiran tsintar ƙwara da damina sun yi hasara tun ba su sani ba. Wanda ya ga 1983 ya san abin da nake faɗi: ga fari, ga gobarar daji da ta cinye gonaki har cikin ƙasar koko, ga mutum wajen miliyan guda da aka koro daga Nijeriya a farkon shekarar, kowa da bakinsa. Tun 1990 akwai dokar da ta hana ƙona daji, ta kuma ce a kafa 'yan sa kai na kashe gobara a garuruwa, amma doka ba ta gadin rumbun kowa da dare. A share ciyawa kewaye da rumbu da tarin kara da wurin da za a yi garka, faɗin taku 4 ko 5, a bar ƙasa tsirara.

To, mutane kan ce hunturu lokacin hutun manomi ne. Ga babbar gona haka ne. Amma ɗan wurin nan na bayan gida, inda uwargida za ta miƙa hannu ta tsinko ganyen miya, yanzu ake yanke masa hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kowa ya san watannin da gida ya fi shan wuya a arewa su ne Yuni da Yuli, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi wajen haya da iri da taki, sabon hatsi bai nuna ba. Mutanen Bolga da Navrongo suna da geronsu mai saurin nuna da suke kira nara, shi ke fid da su. Mu mutanen zango da yawanmu 'yan kasuwa ne da mahauta da direbobi, da kuɗi muke sayen komai har ganyen ayoyo. Albasar da muke ci galibi daga Nijar take zuwa, tumatirin rani kuma daga Burkina Faso. Da aka yi juyin mulki a Yamai cikin Yulin 2023 aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, kowace mace ta ji a tukunyarta. A 2024 kuma ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina a arewa, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya cikin watan Agusta na shekarar. Garka ba za ta ciyar da gida tuwo ba, kada wani ya ruɗe ku. Amma takan ɗauke kuɗin miya na wata huɗu ko biyar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya'ya takwas. Zamanin Acheampong, a 1972, da aka yi shirin nan na kowa ya ciyar da kansa, har ma'aikatan ofis sun noma bayan gidajensu, ba wanda ya ce abin kunya ne.

Abu na farko ba iri ba ne, ba taki ba ne, wuri ne. Nan ne kuma namu ya bambanta da na maƙwabtanmu. Mu 'yan ƙasa ne, wasunmu kakanninsu suna nan tun zamanin fataucin goro a Salaga, amma a yawancin ƙauyukan da muke zaune ƙasar noma tana da masu ita. A Dagbon da Mamprugu maganar fili tana hannun sarakuna, a wajen Bolga kuwa tana hannun mai ƙasa, wanda suke kira tindana, da iyalan da suka gaji wurin. Kangon nan da ka ga shekara biyar ba wanda ya sa masa fartanya, yana da mai shi, ranar da kuɓewarka ta fara fure ran nan za ka san shi. Saboda haka a tafi tun yanzu, da goro a hannu, tare da sarkin zango ko wani dattijo da ake jin maganarsa, a roƙa a sarari, a kuma faɗi iyaka da shekarun da ake so da abin da za a riƙa kaiwa bayan girbi. In za a iya rubutawa a sa hannu ya fi. Dokar filaye ta 2020 ta umarci masarautu da iyalai masu ƙasa su buɗe ofishin ajiye bayanan filayensu, inda akwai shi a yi amfani da shi. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Mai ba da aron yau mutumin kirki ne, amma gobe da 'ya'yansa za a yi magana.

Akwai kuma wani abu da matasanmu ke mantawa. A al'adar wurare da dama, dasa itace a filin aro kamar cewa ne filin ya zama naka. Mangwaro ko kashu guda ɗaya ya isa ya ɓata zaman shekara talatin. Ko zogale ma, da ba mu ɗauke shi bakin itace ba, a tambaya tukuna. In an ce a'a, a dasa shi cikin gida kusa da makwararar ruwan alwala. Mata, musamman zawarawa da waɗanda mazansu suka yi tafiya, su suka fi buƙatar garka su kuma suka fi wuyar samun wuri. Ina ganin wannan aikin sarakunan zango ne da limamai, su roƙi fili guda da sunan jama'a a yanka wa mata fangali-fangali.

In wuri ya samu, sai shinge. Garkar da ba danga kiwon akuya ce kawai. A ƙauyukanmu ba a ɗaure dabbobi sai an yi shuka a manyan gonaki, alhali kuwa garka tana rigan gona yin kore, duk akuyar unguwa idonta na kanta. Karan dawa yana nan birjik yanzu, nan da wata biyu an ƙone shi ko an kai murhu. A tara, a ɗaure, a jingine bisa dutse ko reshe don gara. Dangar kara dai shekara guda take yi. Masu lambun rani a wajen Bawku da Navrongo sukan kewaye nasu da ginin laka, wanda ya fi wahala amma iska ma ba ta ratsa shi. Mai filin kansa ya nemi sandunan bini-da-zugu ya kafa su a jere gab da faɗuwar ruwa, su kama su zama shinge mai rai da akuya ba ta ci.

Yanzu taki, wanda a nan nake so a fi kasa kunne. Tun 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya haɗu da faɗuwar sidi, kowa ya ga yadda kuɗin buhun takin zamani ya yi tsalle. Garkar bayan gida ba ta buƙatarsa in an yi abin da ya kamata cikin Janairu. A haƙa rami a inuwa, tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfinsa ya kai gwiwa ko ya ɗan wuce. A shimfiɗa karan da aka sassara a ƙasa, a bi da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da busasshen ganye, a zuba kashin awaki ko na shanu ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yayyafa ruwa. A maimaita haka har ramin ya cika ya yi tozo, a rufe da tsohuwar tabarma ko bunu. A tsince leda da tsohon batir da kwalba, ba sa ruɓewa, batir kuma guba ne. Abin da ke kashe wannan aiki a hunturu shi ne bushewa, domin iskar nan tana shanye laima cikin kwana biyu. Ruwan wanke-wanke da na wankin hatsi duk a juye su can. A soka sanda a tsakiya, bayan kwana huɗu ko biyar a zaro a taɓa. In ta yi ɗumi aiki na tafiya, in ta fito da sanyi a bushe to a ƙara ruwa da kashin dabba. Kowane mako biyu ko uku a juya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi, ƙamshinsa kamar ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Bokiti guda ya ishi mita 2 na fangali mai faɗin mita 1.

Me ya sa ba za a kwashi kashin daga turke a watsa kai tsaye ba? Saboda ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwar ƙaramin tsiro, na shanu da awaki kuma cike yake da 'ya'yan ciyawa, sai mutum ya shuka wa kansa aikin noma. Zafin ramin nan shi ke kashe yawancinsu.

Wanda aka ba shi wuri mai tauri, irin faƙon nan da ruwa ke gudu a kansa, kada ya raina. Manoman Yatenga a Burkina Faso suna da dabarar da suke kira zai, 'yan'uwanmu na wajen Tawa a Nijar kuma suna ce mata tassa. Marigayi Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a Disambar 2023, da ita ya mai da faƙo daji har duniya ta san shi. Rami ne ake haƙawa da rani, faɗin taƙi guda ko fiye kaɗan, zurfin kamar santimita 15, tsakanin rami da rami taku guda. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a bar shi. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwan farko ya sami hanyar shiga. Kabewa da kuɓewa da dawa suna son wannan. Amma ban da fadama ko laka mai riƙe ruwa, can kunya ake yi mai tudu.

Iri kuma a fito da shi daga gora ko kwalba a gwada tun yau. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye kusa da madafa inda akwai ɗumi, domin kuɓewa ba ta son tsira cikin sanyi. A riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 zuwa 10 a buɗe. In 16 ko fiye sun tsira, irin na da kyau. In ba su kai 10 ba a nemi wani tun kasuwa ba ta tashi ba. Irin albasa da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa. Mai sayen na fakiti ya duba kwanan wata, ya guji wanda aka shanya a rana bisa tebur. In an rubuta F1 a jiki, to irin aure ne, zai yi kyau bana amma 'ya'yansa ba za su biyo shi ba, kada a wahala ajiye su. Irin kakanni kuwa, kuɓewar nan mai daɗewa tana 'ya'ya da yakuwa mai jan kara, a hannun tsofaffin mata yake, ba a kanti ba. A je a gaishe su.

Me za a shuka? Ni a ganina a fara da abin da ke shiga tukunya kullum kuma yake saurin zuwa. Alayyafo mako 3 zuwa 4 an fara tsinka. Ayoyo, wanda mutanen Nijeriya ke kira lalo, yana da taurin ɓawo: a ƙulle irin a tsumma a tsoma cikin ruwan da aka sauke daga wuta kamar daƙiƙa 10, a shanya a inuwa, sa'an nan a shuka, zai fito bai ɗaya. Kuɓewa wajen wata biyu, kuma gara a shuka ta kashi biyu ko uku da ratar mako uku da a zuba duka rana ɗaya ta zo ta yi yawa ta tsufa a kara. Rama da yakuwa ganyensu na zuwa da wuri, soɓorodon kuwa sai ƙarshen damina. A gefen danga a jera karan dafi, mai dafa wake da shinkafa na sayarwa ta san kuɗin da take kashewa a kansa. Akwai kuma dankalin nan mai jan ciki da ake kira Apomuden, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta Kumasi ta fitar a 2005, yana da kyau ga idon yara. Wahalarsa ita ce samun igiyar dashe da farkon damina, don haka mai shi ya raya 'yan kaɗan yanzu a inda ruwan wanka ke bi.

Tumatir da albasa fa? Nasu lokacin shi ne wannan da muke ciki, shi ya sa lambunan Tono da Vea da na bakin Farin Volta suke kore yanzu. Da damina tumatir a arewa cuta ke cin rabinsa. Mai so ya gwada gindi goma ya kafa musu sanda, amma kada ya ba su wuri mafi kyau. Barkono da attaruhu da gauta sun fi jurewa. Su ana renonsu ne kafin dashe, barkono mako 5 zuwa 6, tumatir mako 4. Wanda ke nufin dashe a farkon Yuni sai ya zuba irin barkono wajen ƙarshen Afrilu a tsohon kwano ko kwando, ƙarƙashin rumfa. Su ukun nan da tumatir dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kada a mai da su inda ɗayansu ya zauna bara. In an tumɓuke tsohon gindi an ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu, wurin na da tsutsar da ido ba ya gani, kuɓewa ma ba za ta ji daɗinsa ba. A ba shi masara ko dawa bana.

Masu ɗokin farawa tun bazara su yi lissafin ruwa tukuna. Da rani fangali mai tsawon mita 5 da faɗin mita 1 yana shan lita 25 zuwa 35 kowace rana, watau galan ɗin Kufuor ɗaya da rabi, a Maris kuwa da zafi ke haura digiri 40 ya fi haka. Fangali huɗu galan shida ke nan kullum, kuma mun san a kan wa wannan ɗauka ke faɗawa. Ga shi shekarun nan azumi yana faɗowa a wannan tsakani: a 2025 da farkon Maris aka ɗauka, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. In rijiya ba ta kusa, fangali ɗaya na alayyafo ya isa, a lulluɓe ƙasarsa da ciyawa, a ba da ruwa da yamma.

Ruwan farko kuma mayaudari ne. Yakan zubo a Maris ko Afrilu, gari ya yi ƙamshi, a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke mako uku iri ya ƙone a rami. A jira a sami ruwa biyu masu ƙarfi kusa da juna, a tona a ga laima ta kai tsawon tafin hannu. Hukumar kula da yanayi takan fid da hasashen damina a farkon shekara, gidajen rediyo na karantawa da harsunan gida, a saurara. Ko an yi shuka a rage rabin iri a ajiye.

Maganin ƙwari yana bisa kanmu a kan titi. Duk sa'ad da dalbejiya ta zubar da 'ya'ya a sa yara su tsinto, a wanke, a shanya a inuwa. Rabin kilo na dakakkiyar ƙwaya a bokiti mai lita 10, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma mako-mako. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci yake yi, saboda haka a fara tun ɓarna ba ta yi nisa ba. Maganin auduga da na koko ba na ganyen miya ba ne ko kaɗan, galan ɗinsa kuma ba na ruwan sha ba ne komai wankin da aka yi masa.

'Yan'uwa na Aboabo da Nima da Sabon Zango, ku lissafinku ya fi namu gaggawa, domin damina biyu gare ku kuma babbar takan fara tun Maris, sai ku ja duk abin da na faɗa baya da wata biyu. Na san gidan haya ba fili, tsakar gida siminti ne. Buhun shinkafa da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, aka huda gindinsa, yana ɗaukar gindin barkono biyu ko ayoyon miya uku, in mai gida ya ba da sanarwar tashi kuma a sa shi a mota tare da katifa. Ruwan kwata dai kada ya taɓa shi. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake ajiye albasar Bawku ta kai damina ba ta ruɓe ba.